SHINGE KAFIN KATAFILA: SHAWARA GA MASU NEMAN FILIN AJIYE SHANU

Muna so mu tsoma baki cikin maganar da ta cika bakin jama'armu a 'yan kwanakin nan, wato maganar neman fili a bayan gari domin ajiye shanu. Duk inda mutum ya zauna, a nan Dichemso ne ko Aboabo ko Asawase, hirar ke nan: wane ya sami eka 10 wajen Ejura, wane yana cinikin eka 20 a hanyar Kumawu. Wannan abu ne mai kyau, kuma mun daɗe muna kira a yi shi. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, kusan duk wanda ya zo neman shawara tambayarsa ta farko ita ce, "Alhaji, ina ake samun katafila, kuma nawa ne hayarta?" Mu kuwa a ganinmu wannan tambaya ita ya kamata ta zo ƙarshe. Takarda ce farko, shinge ya bi ta, sa'an nan ruwa. Wanda kuɗinsa ba su isa komai da komai ba, to ya zuba su a shinge, ya bar katafila ga masu gina titi.

DALILIN NEMAN FILI

Kowa ya san yadda sana'ar take. Daga Paga zuwa Kumasi tafiyar ta doshi kilomita 600, ban da wadda dabba ta riga ta sha daga Pouytenga ko Dori kafin ta iso iyaka. Sa yana sauka daga tirela a Kaase ya rame, ƙafa ta kumbura, ga yunwa ga ƙishirwa. Mahauci ya san ba ka da inda za ka kai shi, ya san kowace kwana kuɗin ciyawa da na yara suna hawa kanka, saboda haka sai ya taya yadda ya ga dama ya koma gefe yana jira. In kuwa tireloli biyar suka sauka rana ɗaya, sai dai a ce Allah Ya mayar da alheri. Dabbar da ba ta da wurin kwana, mai saye ne ke yanka mata kuɗi.

Daɗin daɗawa, hanyar arewa ba ta da tabbas irin na da. A watan Janairu na 2025 Burkina Faso da Mali da Nijar suka kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS, kuma a watan Mayu na shekarar hukumomin Nijar suka hana fitar da dabbobi gab da Babbar Sallah. Wanda ya sayo da wuri yana da inda zai ajiye, shi ya ci kasuwa.

Sakin shanu a daji kuma, wannan zamani ya wuce a ƙasar Ashanti. Ba mu manta da Agogo ba. A watan Janairu na 2012 Babbar Kotun Kumasi ta ba da umurnin a fitar da shanu daga yankin, aka yi ta aika soja da 'yan sanda ƙarƙashin abin da suka kira Operation Cow Leg, aka sake komawa a 2018. An harbe shanu masu yawa, an kuma rasa rayukan mutane, manoma da makiyaya. Wanda bai ɗauki darasi daga nan ba, babu inda zai ɗauka. Ke nan fili mai shinge ya zama dole. Saura yadda za a yi shi ba tare da an binne jari a ƙasa ba.

TAKARDA TUKUNA

Kada a kafa dirka ko ɗaya a ƙasar da ba a gama maganarta ba. Yawancin filayen Ashanti na kujerar sarauta ne, kuma tsarin mulkin Gana na 1992 bai yarda a sayar da irin wannan ƙasa sayarwa ta har abada ba, haya ce ta shekaru. Wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa, hayarsa ba ta wuce shekara 50 a lokaci guda. 'Yan'uwanmu na Burkina da Nijar da Nijeriya su riƙe wannan da kyau, kada wani ɗan kamasho ya yi masu daɗin baki.

Kuɗin gaisuwa da aka kai wa odikro, wato mai garin, ba su ne takarda ba. A nemi takardar rabon fili daga hannun sarkin da ke da ikon bayarwa, a kira safiyo mai lasisi ya auna ya kafa duwatsun iyaka, a kai Hukumar Filaye a bincika ko wani ya riga ya yi rajistar wurin. Abu mafi muhimmanci, a rubuta ƙarara cikin yarjejeniyar cewa shanu za a ajiye, a kuma faɗi kimanin yawansu. Mun ga wanda ya karɓi fili da sunan gona, ya kashe kuɗi ya kewaye, ranar da tirela ta sauke shanu sai gari ya tashi. Waya da dirka ba a naɗe su a aljihu a tafi da su.

Haka kuma a zaga filin da ƙafa tare da mutanen gari kafin a ja layi. In akwai turbar da mata ke bi zuwa rafi ko zuwa gona, a bar masu ita a waje, ko a yi 'yar ƙofar da mutum zai wuce da kaya a ka amma saniya ba ta iya wucewa. Shingen da ya tare wa mutane hanya, filaya ce maganinsa, kuma cikin dare za a yi masa.

ABIN DA KATAFILA KE YI WA ƘASA

To, mu zo kan katafila. Mai katafila zai ce maka cikin kwana biyu zai mayar maka da kurmi kamar filin ƙwallo, kuma gaskiya ya faɗa. Abin da ba zai gaya maka ba shi ne, albarkar ƙasar kurmi tana cikin baƙar ƙasar nan ta sama, wadda sau da yawa kaurinta bai wuce taƙi ɗaya ba. Bakin katafila yana kwashe ta tare da saiwoyi da kututture ya tara a gefe, ya bar maka jar ƙasa da marmara, nauyinta kuma ya danne abin da ya rage har ruwa ba ya shiga. Mu kuwa damina biyu gare mu a shekara. Ruwan farko na watan Afrilu yana sauka sai ka ga zaizaya ta fara tsaga filin.

Wannan ba zancen zaure ba ne. A cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, masanin ƙasa Rattan Lal da abokan aikinsa sun gwada hanyoyin sassabe iri-iri a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980. Sun tarar sassabe da hannu shi ne mafi ƙarancin zaizaya. Katafilar da ke ture itace tana yaƙuto saiwa ita ta fi kowace ɓarna, wadda kuma ke da wuƙar da ke datse itace daidai da ƙasa ta bar saiwa a ciki, ɓarnarta ta fi sauƙi. Saboda haka in har ya zama dole a shigo da ita, a ce wa direba ya ɗaga baki, ya datse, kada ya kankare, kuma a yi aikin da rani lokacin da ƙasa ta bushe.

Sa'an nan me ke fitowa a filin da aka kankare? Ciyawar nan da mutanen ƙasar nan ke kira Acheampong, da kuma tofa. Acheampong ba abincin shanu ba ce, tana shaƙe ciyawar kirki, da rani kuma ta bushe ta zama makamashin gobara. Wato ka biya kuɗi an kwashe maka abinci an shuka maka wahala.

Mu tuna kuma, mu ba masara za mu shuka ba balle kututture ya karya mana garmar tarakta. Saniya tana kewaye kututture ta ci ciyawarta. Abin da take bukata inuwa ce. A wajen Ejura da Atebubu da filayen Afram akwai maɗobiya da kawo da maɗaci, waɗanda duk makiyayi ya san ganyensu shi ke riƙe garke idan rani ya tsananta, ga ɗorawa ga kaɗanya. Wanda ya ture waɗannan ya ture rumbunsa da hannunsa. Maɗobiya ma gwamnati ta sha hana saranta da fitar da ita, na baya-bayan nan da muka fi tunawa shi ne hanin 2019, don haka taɓa ta neman magana ne.

Masu goyon bayan katafila suna cewa duhuwa ita ke ɓoye tsando, tsando kuwa shi ke kawo sammore, kuma shanun arewa ba sa jure shi kamar muturu. Wannan gaskiya ne, ba mu musa ba. Amma tsando ya fi zama cikin sarƙaƙiyar bakin rafi, wurin da tsarin hukumar ruwa na 2011 ma ya ce a bar masa tazara kada a share. Maganin shi ne a ja shinge nesa da rafi, a sassabe ƙananan sarƙaƙiya a cikin fili da adda a bar manyan itatuwa tsilla-tsilla, a kuma riƙa kiran malamin dabbobi yana yin allura da maganin zubawa a gadon baya.

Ina katafila ke da amfani? Wajen buɗe hanyar da tirela za ta shiga, da haƙa tafkin tara ruwa, da rushe babban suri in ya tare layin shinge. A nan ma a yi ciniki da ido buɗe. A tambaya ko kuɗin motar da za ta ɗauko ta ta mayar yana ciki, a san wa zai sayi gas, a duba agogon awa kafin a tayar da inji da bayan an kashe, in kuwa agogon ba ya aiki a yi ciniki a kan aikin, ba a kan awa ba. A kuma nemi ganin takardun injin. Saboda rikicin galamsey, jami'an tsaro suna sa ido a kan duk babban injin haƙa da ke yawo a daji, har ƙona su soja suka yi a 2021. Kada injin da ba shi da takarda ya kwana a filinka.

ZARTON INJI DA DOKARSA

Yawancin aikin sassabe, mutum goma da adda da gatari, da zarton inji guda a hannun wanda ya iya, sun wadatar. Kuɗin kuma suna shiga aljihun samarin garin, wanda hakan ma wani shinge ne da ido ba ya gani.

Sai dai zarton inji yana da doka a ƙasar nan. An wajabta yi masa rajista a majalisar gunduma, tun 1998 kuma aka haramta tsaga katako da shi domin sayarwa. Bugu da ƙari, itacen katako da ya fito da kansa, irin su odum da wawa, ba na mai hayar fili ba ne, yana hannun gwamnati, sai da izinin Hukumar Gandun Daji ake kayar da shi. Mai zarto zai ce maka, "Alhaji bari in tsaga maka wannan, ka sami katakon gini kyauta." Kada ka yarda. Ranar da aka kama, shi zai shige daji da injinsa, kai da filinka kuna nan. A je ofishin gandun daji na gunduma tun farko, su zo su ga abin da za a sare.

Shawararmu ita ce a yi hayar mai zarto mai rajista, kada a saya a miƙa wa yaron shanu. Wannan inji ba ya yafiya. In kan takobinsa ya taɓa itace yakan yi tsalle ya dawo wa fuskar mai riƙe da shi kafin ƙiftawar ido. Wanda kuma ya ga lallai sai ya saya, ya sayi irin da ake samun kayan gyaransa a Suame Magazine, kamar Stihl ko Husqvarna, ya kuma yi hattara da jabu, domin kasuwa cike take da masu launin asali da cikin banza. Injin nan fetur ɗinsa gauraye yake da mai. In man na asali ne na irin wannan inji, awon shi ne kashi 1 cikin 50, wato mililita 100 a lita 5 ta fetur. A riƙa wasa haƙoran sarƙa da zagayayyen magagari, alamar dakushewa kuwa ita ce ka ga yana fitar da gari maimakon ɓarzajen dusa. Lokacin hunturu a wanke matatar iska kullum. Baƙin man da aka juye daga mota ba man sarƙa ba ne, yana kashe famfon mai. Hular kwano da takalmin aiki da abin kare ido kuwa, kuɗinsu bai kai na kwana ɗaya a asibiti ba.

LISSAFIN SHINGE

Ga inda muke so 'yan'uwa su ɗauko biro. Eka 10 kusan hekta 4 ke nan. In filin murabba'i ne, mita 200 kowace kusurwa, kewayensa mita 800. In kuwa aka ba ka shi siriri, faɗi mita 50 tsawo mita 800, girman ɗaya ne amma kewayen ya zama mita 1,700. Wato siffar fili kaɗai tana iya ninka maka kuɗin shinge. A kula da wannan tun ranar da ake nuna iyaka.

Shanunmu na arewa dogaye ne, baƙi ne kuma a wurin, kullum hankalinsu yana hanya. Layi 5 na waya mai ƙaya muke ba da shawara, na ƙasa kamar santimita 30 daga ƙasa, na sama ya kai kimanin mita 1 da santimita 40. A mita 800, waya mita 4,000 ke nan. Dirka kowace mita 3, kimanin 270. Wajen sayen waya a karanta tsawon da aka rubuta a jikin naɗin, domin ba duka suke daidai ba, a ɗaga a ji nauyi, a kuma zaɓi mai kyakkyawan rufin tutiya. A damshin ƙasar nan waya mai araha ba ta daɗewa take yin ja da tsatsa, sai a sake saye.

Ƙarfin shinge yana kusurwa. Dirkar kusurwa da ta ƙofa su zama masu kauri, tsawon mita 2 da rabi, a binne kusan mita 1, a tokare su da wata dirkar a ɗaure da waya a gicciye. In akwai halin yin na kankare, a nan za a fara sa su. Dirkokin tsakiya aikinsu riƙe tazara ne kawai, santimita 60 a ƙasa ya isa. A ɗaura waya ta cikin fili, ɓangaren da shanu suke, don in sa ya jingina ya tura ta jikin dirka maimakon ya ɓalle ƙusa. A ja ta da abin jan waya mai sarƙa, wanda maƙeran Suame ke iya ƙerawa. Masu ɗaura waya a bayan tarakta ko mota su ja, suna tsinka ta ne kawai, in ta tsinke kuma bulala ce mai ƙaya.

Babban abokin gabar dirka gara ce. Tik yana da suna wajen jure gara, amma jan cikinsa ne ke jurewa, farin bayan nan gara na cinye shi kamar tuwo, kuma ƙananan sandunan tik da ake sayarwa da araha yawancinsu fari ne. Shafa baƙin mai ba ya kai ko'ina. Dirkar da aka dafa da magani a masana'anta, mai ɗan kore-koren nan, tana daɗewa, sai dai akwai gargaɗi: kada a taɓa ƙona guntayenta. Tokarta tana da guba, shanu kuma suna lasarta saboda ɗanɗanon gishiri, su mutu.

Dabarar da ta fi kowace arha ita ce ta kakanni. A ƙasar Hausa da dashi da aguwa ake shinge. A nan kurmi muna da aduruku da gilirisidiya, itacen nan da manoman koko ke dasawa don inuwa, dukansu kuwa reshe ake yankowa a kafa ya kama. A dasa su tsakanin dirkoki da farkon damina. Kafin gara ta gama da busassun, ɗanyun sun yi ƙarfin riƙe waya, ganyen gilirisidiya kuma abinci ne.

Abu biyu kuma da mai kwangila ba zai damu da su ba, sai mai shanu. Na farko, guntayen waya da ƙusoshi. Saniya ba ta tantance abin da take haɗiya, guntuwar waya takan huda tumbi ta kai ga zuciya, kuma duk mahaucin Kaase ya sha ciro irinsu. A sa cikin yarjejeniya cewa ba za a biya cikon kuɗi ba sai an bi layi an tsince. Na biyu, a wurin da ake matse shanu, wato wurin lodi da wurin allura, kada a sa waya mai ƙaya sam. Bututun ƙarfe ko katako mai kauri ake sawa. Dabbar da ta yage fata ko ta ji rauni a cinya, kuɗinta sun ragu tun kafin a taya.

Akwai kuma shingen lantarki mai aiki da hasken rana, wanda wasu suka fara tambaya. Yana da amfani wajen raba fili gida-gida daga ciki, amma ciyawa in ta taɓa waya tana shanye ƙarfinsa, ƙasa in ta bushe da hunturu bugunsa yana raguwa, batir da faifan kuma suna jan hankalin ɓarawo. Kada a dogara da shi a iyakar da ke fuskantar gonar mutane.

RUWA, WUTA DA ABINCI

Babban sa yana shan lita 30 zuwa 40 a ranar zafi. Kai 100 ke nan lita 3,000 zuwa 4,000 kullum. Rijiyar burtsatse da famfo mai hasken rana da tanki a sama da kwamin kankare, wannan shi ne injin da ya cancanci kuɗinmu, domin rabin rigimar makiyayi da manomi a bakin ruwa take farawa.

Wuta kuma, dattawanmu ba su manta gobarar 1983 ba, kuma tun 1990 akwai dokar da ta hana cinna wa daji wuta. Kafin hunturu ya kama, a share tsiri mai faɗin 'yan mitoci ciki da wajen shinge. Wuta tana cin dirka, tana ƙona rufin waya har tsatsa ta samu shiga. A nan ƙaramin injin yankan ciyawa na rataye a kafaɗa yake biyan kuɗinsa, ko a yi hayar tarakta mai wuƙar sara daga Ejura ta zaga sau ɗaya.

Kada kuma wani ya ɗauka eka 10 za ta ciyar da kai 100. Wurin hutawa ne na 'yan makonni, dole a haɗa da yankakkiyar ciyawa da harawa da dusa da busasshen ɓawon rogo. Injin datsa ciyawa da kara, wanda ake haɗawa a Suame, ya fi wa mai fili amfani nesa ba kusa ba a kan awa goma ta katafila.

Akwai abin koyi daga Nijeriya. A shekarun 1980 cibiyar binciken dabbobi ta ILCA ta yi aiki da Fulanin kudancin Kaduna, wajen Kaciya, a kan abin da aka kira rumbun ciyawa: hekta 4 a kewaye da waya, a shuka ciyawar sitailo a ajiye don rani. Yadda suke gyara ƙasar shi ne a riƙa kwantar da garke a wurin, kofato ya tausasa ƙasa, kashi ya zama taki, sa'an nan a watsa iri. Shanu da kansu suka yi aikin tarakta. Abin da ya fi cin kuɗi a shirin shi ne shinge, kuma da darajar naira ta faɗi bayan 1986 tsadarsa ta gagari makiyaya da yawa.

ABIN DA MUKE ROƘON ƘUNGIYA

Wannan tsada ita ta kawo mu ga magana ta ƙarshe. Mu koma ga lissafi. Mutum ɗaya mai hekta 4 zai ja mita 800. In mutum huɗu suka haɗu suka karɓi hekta 16 wuri guda, mita 400 kowace kusurwa, kewayen mita 1,600 ne, kowa ya biya na mita 400. Rabin kuɗi ke nan, ga rijiya ɗaya, ga wurin lodi ɗaya, ga masu gadi na tarayya.

Mun san abin da za a ce: tukunyar tarayya ba ta tafasa, kuma shanun wani za su shafa wa na wani ciwon huhu ko ɓoru. Maganar ciwo gaskiya ce, shi ya sa dole a ware ɗan sashe da shingensa daban inda sababbin zuwa za su fara zama har malamin dabbobi ya duba su. Maganar amana kuwa, mu da muke ba juna shanun miliyoyi bashi daga Pouytenga zuwa Kumasi da kalmar baki kawai, bai kamata a ce rijiya ɗaya ta gagare mu ba. A rubuta komai a gaban shaidu, a sa ma'aji, a riƙa karanta lissafi a taro. Wasu kuma suna cewa a jira gwamnati ta yi mana irin na Wawase a filayen Afram. Wanda ya san nisan Wawase daga Kaase ya san wannan ba zai warware matsalar mai tirela a bakin mayanka ba.

Saboda haka muna roƙon shugabanni su sa abu uku a taro mai zuwa. A kafa ɗan kwamiti da zai riƙa duba takardun fili tare da lauya kafin ɗan ƙungiya ya biya ko sidi ɗaya. A haɗa odar waya da dirka a saya a dunƙule don a sami rangwame. A kuma sayi kayan aro na ƙungiya, wato abin jan waya da abin haƙa rami da injin yankan ciyawa, a buɗe littafin masu kwangilar da aka gwada aka ga aikinsu, domin ɗan'uwa ya san wanda zai kira da wanda zai guda. Shi kuma mai kwangila a biya shi kashi-kashi, bisa mitocin da aka auna aka gani, a riƙe wani abu sai shingen ya ga ruwan sama ya tsaya.

Wanda ke da wani ra'ayi dabam, ko ya gwada wata dabarar da ta fi wannan, ya rubuto a buga kowa ya ƙaru. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya kiyaye na kan hanya, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu manoma. Wassalam.

Daga Dichemso, Kumasi.